Jarumin da Na Bari a Bakin Ƙofa

Ku 'ya'yana, na san labarin da ake ba ku a kaina. Gwaggwanninku sun gaya muku cewa shekarar da aka haifi yayarku Binta an yi wa babanku asiri ta cikin talabijin, har ya bar tsutsa ta cinye masa gonar auduga, sai da kakarku ta tashi tsaye aka karya abin. Wasu sun ƙara gishiri, wai an sha ganina a tsakiyar kasuwar hatsi ina saran iska da takobin da babu shi. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Sau ɗaya na yi, kuma ba a kasuwa ba ne, a bakin tashar jirgi ne, kuma ƙuda nake kora. To yau na zauna in rubuta muku yadda abin ya faru tun da sauran waɗanda suka gani da idonsu. Duk wanda ya ga na karkace, ya zo ya riƙe mini alƙalami.

A lokacin aurena da uwarku bai cika shekara biyu ba. Da damina ina noman auduga a gonar da na gada can hanyar Tsiga, da rani kuma in shiga gidan gurzar auduga a nan Funtua ina ɗaukar kaya, in fito fari fat kamar an tono ni daga buhun gari. Babban abokina a duniya shi ne Obi, ɗan wani Ibo mai sayar da rediyo da talabijin wanda duk unguwa ke kira Oga Mai Rediyo. A Funtua aka haifi Obi, a bayan gidanmu aka binne cibiyarsa. Hausar bakinsa ta fi tawa, in kuwa ya fara zagi sai ka rantse a tashar mota aka yaye shi. Shagon ubansa da ɗakunan da suke zaune a baya duk na mai unguwarmu ne, Alhaji Tanko, kuma sun kusa shekara ashirin a ciki ba wanda ya taɓa jin kansu da kowa. Ku riƙe wannan, domin a kan shagon nan aka yi rigimar, ba a kaina ba.

Da ranin wannan shekara wani ƙanin Oga da ke fatauci a ƙasashen waje ya aiko da kwalin rediyoyi. A ƙasan kwalin aka tarar da wata 'yar na'ura ja da fari, girmanta bai wuce kwanon sha ba, da kaset guda ɗaya da ake cusa mata a ka. Oga ya juya ta, ya kara a kunne, bai ji ta kama wata tasha ba, ya tura ta ƙarƙashin tebur. Obi ne ya yi ta jona wayoyi har ta tashi. Ranar da ya kira ni bayan azahar ne, ubansa ya shiga ciki cin abinci da ɗan kishingiɗa kamar kullum. Na tarar da talabijin mai launi a kunne, a cikinta ga wani ɗan mutum, bai kai babban yatsana ba, tsaye a tsakiyar ƙauye da sanda a hannu. Obi ya miƙo mini wani abu mai maɓallai da igiya a jikinsa.

"Danna nan, Hamisu."

"In na danna me zai faru?"

"Kai dai danna, baƙauye."

Na danna. Ɗan mutumin ya taka zuwa dama. Na saki, ya tsaya. Ni kuwa na jefar da abin na ja da baya har na ture fanka biyu da tulin batura. Ku da aka haifa da waya a hannu ba za ku gane wannan ba. Mu abin da muka sani da talabijin shi ne ta yi magana kai ka saurara, kamar hakimi. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai ranar da zan ce wa mutumin cikin talabijin tafi, ya tafi. Da na koma gida ko tuwo ban iya ci ba, uwarku ta zaci zazzaɓi ne ta dafa mini ganyen darbejiya.

Bari in faɗi gaskiya a kan wasan nan, alherinsa da aibinsa, domin har yau ban ga wanda ya san shi kamar ni ba tsakanin Funtua da Malumfashi, kuma na bincika. Babban alherinsa shi ne a matsiyaci yake fara ka. Riga yagaggiya, sanda, da ɗan jinin da ko kwaɗo ya buge ka sau uku sai ka faɗi. Amma duk wahalar da ka sha ba ta tashi a banza. Ka kashe kwaɗi ka ƙara ƙarfi, ka samu wuƙa, daga wuƙa takobi, daga takobi garkuwa da sulke, har ranar da za ka koma wurin kwaɗon da ya saba wulaƙanta ka, ka taɓa shi sau ɗaya ya watse. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya san zuciyar talaka. Sannan saran takobin kansa yana da daɗi a hannu. In ka yi gaggawa a buge ka, in ka yi nawa a buge ka, sai ka jira abokin gaba ya ɗaga hannu sannan ka shige ƙarƙashinsa, daidai yadda ake yi a dambe. Kiɗan cikin kogo kuwa 'yar ƙara ce kawai irin ta gyare, amma sai ka ji tsigar jikinka ta tashi da rana tsaka, ana cinikin rake a ƙofar shago.

Duk maganar da ke cikinsa da rubutun mutanen Japan aka yi ta, ba mai karanta ko harafi ɗaya a cikinmu, don haka mu muka yi wa kanmu labarin. Obi ya ce 'yar sarki aka sace. Ni na ce a'a, ruwan sama aka sace, kuma ina da hujja. A farkon wasan duk ƙasar ja ce, busasshiya, gonaki sun tsattsage. Amma duk lokacin da ka kashe babban dodo a ƙuryar kogo, in ka fito sai ka tarar wani yanki ya yi kore shar, rafi ya kawo. Ni manomi ne. Ina yaro na ga shekarar fari da idona, na ga babana tsaye yana kallon gero na ƙonewa a kunya bai iya yin komai ba. A ce ga wurin da mutum zai ɗauki takobi ya je ya ƙwato damina da hannunsa, ai an gama da ni. Abin da nake son gani ke nan, ba 'yar sarki ba: ranar da za a kashe dodon ƙarshe, ƙasar duka ta yi kore, a tsuge da ruwa.

Aibinsa kuwa, ku gyara zama. Jarumin nan ba shi da tarbiyya ko ta sisin kwabo. Gidan mutane yake faɗawa ba sallama, matar gida na tsaye ya farfasa mata tukwane, ya buɗe akwatinta ya kwashe abin da ke ciki ya fice, ita kuma ko tari. Mutanen ƙauyen duk kamar dasa su aka yi. Akwai wani tsoho da na yi wata bakwai ina tarar da shi a bakin rijiya ɗaya yana maimaita magana ɗaya, bai taɓa jan guga ba. Mutumin da ke kashe dodo mai kai uku, in ƙafarsa ta taɓa ruwan da bai kai idon sawu ba, nan take ya mutu. Jemagun kogo na huɗu kuwa, Allah ya isa tsakanina da wanda ya zuba su a wurin. Ba ƙarfi gare su ba, jira suke ka yi tsalle su ture ka rami. Akwai kuma inda dole ka yi kwana uku kana kashe kunama iri ɗaya kafin ka isa wucewa, aikin da ya fi cirar ciyawa gundura, don ita ciyawa ko ba komai akuya za ta ci. Amma duk waɗannan ƙanana ne. Babban aibinsa shi ne mantuwa. Da an ɗauke wuta, ko Oga ya yi gyaran murya daga ciki mun kashe, shi ke nan, ka koma matsiyaci mai sanda.

Sai daga baya muka gano maganin. A kowane ƙauye akwai wata bukka da wani tsoho mai gemu a ciki. In ka yi masa magana sai ya jero maka alamomi arba'in da takwas a fuskar talabijin. In ka kwafe su daidai, gobe ka mayar wa na'urar ɗaya bayan ɗaya, sai ta dawo da kai inda ka tsaya da duk kayanka. Mabuɗi muke ce musu. Rubutun Obi kamar kaza ta bi ta kan taɓo, don haka ni ne magatakarda. Ni kuwa ban san wata hanyar adana rubutu mai muhimmanci ba sai wadda na tashi na gani a gidanmu. Na ja layuka na yi gidaje, shida a tsaye takwas a kwance, na zana kowace alama a gidanta da alƙalamin kara da tawada, don biro ba ya fitar da kauri da siranta. Na ninke takardar ƙanana-ƙanana, na naɗe ta da zare kada ta warware, na soke a cikin hulata. Duk ranar da na yi sabuwa sai in yayyage tsohuwar kada su rikice mini. Yanzu ku gaya mini, takarda mai gidaje, da tawada, a ninke, a naɗe da zare, a cikin hula, me ake kiranta a ƙasar Hausa? Wallahi a lokacin ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Damina ta sauka ina kan dodo na huɗu. Na yi shuka, na yi noman farko, na yi na biyu a gurguje. Amma lokacin da Oga ke kishingiɗa shi ne lokacin da mai gona a hanyar Tsiga ya kamata a same shi a gona, ba a gari ba. Sai na riƙa fita da sassafe a keke, kafin rana ta take na juyo. Uwarku, da cikin Binta a gaba, ita ta fara lura.

"Malam, yau ma gonar ta sallame ka da wuri?"

"Aikin ne ya yi sauƙi bana."

"To. Yatsunka dai ba su samu sauƙi ba. Tun ɗazu kake danna bakin akushi."

Na duba, gaskiya ta faɗa. Da auduga ta fara fure malamin gona ya bi yana faɗa a yi feshi a kan lokaci. Na yi na farko. Na biyu na ce gobe. Na uku na ce ai tsutsa ma ta san ni, ba za ta yi mini haka ba. Ranar da na kashe dodo na shida na kai jarumina wata bukka gab da wata baƙar ƙofa, wadda ko ba a faɗa ba ka san ita ce ta ƙarshe. Yana sanye da sulken zinariya, takobinsa na walƙiya. Na kwafe mabuɗin, na ce gobe sai dodon ƙarshe. A ranar ce kakarku Inna ta hau motar Tsiga za ta gaida yayanta, ta ce wa direba ya sauke ta a gonar ɗanta ta ga albarka.

Da yamma ta dawo. Washegari da safe ina wanka ta ɗauki hulata za ta wanke, don ta ce dauɗar da ke jiki ta isa a shuka masara. Da na fito na tarar da ita zaune a tsakar gida, takardar a buɗe a ƙasa, ta danne ta da tsinken tsintsiya, ba ta yarda ta sake taɓawa da hannu ba.

"Hamisu, wa ya ba ka wannan?"

"Inna, ni na rubuta."

"Wa ya faɗa maka ka rubuta?"

"Wani tsoho ne mai gemu a cikin talabijin ɗin su Obi."

Ban taɓa ba da amsa mafi muni a rayuwata ba, kuma gaskiya ce zalla. Inna ta yi salati a hankali, ta tura takardar cikin gwangwani ta rufe, ta ɗauki mayafi ta koma Tsiga a ranar. Yayan nata, Kawu Malam Idi, mutum ne da ake zuwa wurinsa daga Bakori har Dayi, kuma tun da nake ban taɓa jin an kawo masa rubutun da ya gagare shi ba. Ya duba ta dama, ya juya ya duba ta hagu, ya ce ba Larabci ba ne, ba boko ba ne, tsarin dai na hatimi ne, amma shi bai san ko na mene ne ba. Da ma ya yi mata ƙarya ya ce na farin jini ne. Wannan rashin sanin na Kawu shi ya tayar da unguwa. Kafin kwana biyu an gama shari'a a bakin famfo: Ibo mai rediyo ya ajiye aljani a akwati, ya kama ɗan mutane, ya shanye masa gona. Mai nama ya daina tsayawa a ƙofar shagon. Aka fara jifan rufin kwanonsu da duwatsu. Alhaji Tanko ya aika aka ce wa Oga gobe da hantsi za a zauna, in maganar ta tabbata ya kawo masa makullinsa kafin Juma'a.

Obi ya same ni a zaure bayan la'asar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Babana ya fara ɗaure kaya," in ji shi. "Ya ce ya taɓa barin garin nan sau ɗaya, gab da yaƙin basasa, da rigar jikinsa kawai, ba zai tsaya jiran na biyu ba."

"Ina za ku?"

"Ina na sani? Ni garinmu sau biyu na taɓa zuwa, can ma Bahaushe suke ce mini."

A nan dariya ta ƙare mini.

Da hantsi aka jera benci a ƙofar shagon, aka fito da talabijin kan tebur, aka tayar da janareta. Rabin Funtua ya hallara, har da waɗanda suka sauko daga jirgi ba su san me ake yi ba. Alhaji Tanko na kan kujera, Kawu a gefensa da gwangwanin a cinya, Inna can baya cikin mata, Oga kuma tsaye cikin fararen kayansa na zuwa coci, hannu a baya. Na yi bayani iyakar iyawata cewa wasa ne, takardar kuma mabuɗinsa ce kawai. Alhaji ya ce in nuna. Kawu ya buɗe gwangwanin ya miƙo mini. Na shiga saka alamomin ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓata. Na danna ta arba'in da takwas. Kiɗa ya tashi, jarumina ya bayyana cikin sulkensa na zinariya, baƙar ƙofar can gabansa. Na juyo ina murmushi, ina jiran a ce ashe wasa ne. Sai na ga mutanen layin gaba sun koma na baya. Wani dattijo ya ce:

"To me kuma ya rage? An karanta hatimi, ya fito."

Ni da hannuna na tabbatar musu. Oga ya rufe ido. Obi ne ya yi dabara. Ya karɓi abin dannawar daga hannuna, ya ja igiyar, ya durƙusa gaban Kawu.

"Allah gafarta Malam, in aljani ne ai ba zai bi kowa ba sai ubangidansa. Ka gwada mu gani."

Kawu ya dube shi. Sannan ya yi bisimilla, ya tofa addu'a a kan maɓallan, ya karɓa da yatsu biyu kamar mai ɗaukar garwashi. Ya danna. Jarumin ya juya ya faɗa bukkar tsohon nan mai gemu.

"Kai, ka ga ya shiga ba sallama."

"Haka yake yi, Kawu," na ce.

"Ɗan wane ne?"

"Ina jin maraya ne."

"Ko maraya ai yana da maƙwabta."

Ya fito da shi, ya danna da ƙarfi, jarumin ya miƙe kai tsaye ya faɗa wani ɗan kududdufi. Kiɗan mutuwa ya tashi. Kawu ya saki abin a cinya, fuskarsa ta canja.

"Innalillahi. Na kashe musu shi?"

"Zai dawo, Allah gafarta Malam," in ji Obi.

Ya dawo kuwa, a bakin bukka. Kawu ya sake ɗauka, ya sake jefa shi a ruwan. Ya dawo. A karo na uku na ga gemun Kawu na motsi, ashe dariya yake dannewa. Ya juya wajen mai unguwa.

"Alhaji, wannan ba aljani ba ne. Na shekara arba'in ina jin labarinsu, ban taɓa jin wanda aka jefa a kududdufi sau uku ya dawo ya tsaya jiran na huɗu ba. Abin wasa ne, marar tarbiyya."

Wuri ya ɗauki dariya. Oga ya buɗe ido. Na zaci an gama. Sai muryar Inna ta taso daga baya, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Yaya, ni ban zo kallon talabijin ba. Gonar na je na gani."

Aka buɗe mata hanya ta matso.

"Na bi ta kunya bayan kunya, ban samu ɗan auduga ɗaya da tsutsa ba ta huda ba. Gonar ubansa ce. Yaron da yana ɗan shekara goma kuka yake in an hana shi bin ubansa gona. Ku kira shi aljani, ku kira shi wasa, ni dai na san wani abu ya riƙe mini ɗa. In takardar nan ba ta da iko a kansa, ya ƙone ta da hannunsa, a kashe akwatin, kowa ya tafi gida."

Alhaji Tanko ya gyaɗa kai.

"Maganar Inna ta yi. In ya ƙone, magana ta mutu, Oga ya kwance kayansa. In ya kasa, to akwai abin da ya riƙe shi, kuma daga shagon nan ya fito."

Na dubi talabijin. Wata bakwai ke tsaye a wurin cikin sulken zinariya, taki goma tsakaninsa da ƙofar. Ba ni da wata takardar, duk na yayyage na baya. Obi ya kai hannu aljihu wajen biro zai kwafe mabuɗin, ubansa ya dube shi sau ɗaya, hannun ya fito ba komai. A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa.

"Inna, ki bar ni in shiga ƙofar nan kawai. Kafin shayi ya huce na gama."

Gunaguni ya tashi. Na ji wata mata tana cewa, "Kun ji ko? Roƙo yake yi." Sai na ji muryata yadda su suka ji ta, magidanci mai mata da ciki, gonarsa ta lalace, yana roƙon uwarsa a bainar jama'a ta bar shi ya shiga ƙofar da ke cikin gilashi. Ni kaina na tsorata. Na dubi Oga, mutumin da ya gyara rediyon babana sau fiye da goma bai taɓa karɓar komai ba, leɓunansa na motsi yana addu'a irin tasu. Ta bayansa, cikin shagon, ina hango kwalaye a ɗaure da igiya, an kifa turmin uwar Obi a kai.

Na ce a ba ni ashana. 'Yar takarda ce, amma sai na ga kamar ta yi awa guda tana ci. Na riƙe ta har wutar ta kai yatsuna, don kada wani ya ce na rage gida ɗaya. Obi ya sunkuya ya zare wayar. Jarumin ya tsuke ya zama ɗan ɗigo fari a tsakiyar gilashi, ɗigon ya ɓace.

A ranar Oga ya kwance kayansa, na'urar kuwa ya mayar da ita kwali ya ɗora a motar farko mai zuwa kudu. Audugar da na tsinta a shekarar uwarku ta cusa a matashin kai guda ɗaya, kuma bai yi tauri ba. Hatsin Kawu muka ci har aka yi sunan Binta, ni kuma na yi rani biyu a gidan gurza ba hutu kafin in miƙe. Kawun kansa ya zo Funtua bayan mako biyu wai duba ni. Da zai tafi ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya.

"Yaron nan marar sallama, yana nan? Na yi tunani, da ta hagu na bi da shi da bai faɗa ruwan ba."

Na ce an mayar da shi. Ya ce haka ya fi alheri, amma fuskarsa ba ta ce haka ba.

To ga abin da nake so ku gyara a bakin gwaggwanninku. Boka babu, aljani babu, kuma Oga Mai Rediyo bai yi wa kowa komai ba, Allah ne shaida. Amma cewa wani abu ya riƙe ni, a nan Inna ta fi Kawu gani. Ta rasu tana da yaƙinin ita ta ƙwato ni, kuma ban taɓa musa mata ba, don na rasa ta inda zan fara. In kun tambaye ni hukuncina a kan wasan, zan ce ban taɓa ganin abin da aka ƙera da basira irinsa ba, kuma ban taɓa ganin ɓarawon rana irinsa ba. Ya sa ni ina shayar da gonakin cikin gilashi, tawa tana hannun tsutsa. Jemagun nan kuma har gobe ban yafe ba.

Kwanan baya ɗan'uwanku Nura ya zo mini da waya yana murna, wai daga kwatancena ya gano wasan, kuma wani ya ɗora ƙarshensa, minti huɗu kacal. Na ce ya ɗauke mini ita daga gabana. Ya zaci tsoro nake ji. Ba tsoro ba ne. Ƙarshen nan shi na ƙona don Oga ya zauna a shagonsa. In na karɓe shi kyauta a waya, to ranar nan me na ƙona?

Shagon yana nan inda yake, kun san shi. Obi ke riƙe da shi yanzu, wayoyi yake sayarwa, kansa ya yi fari kamar ya fito daga gidan gurza, jikokinsa na zagin juna da Hausa a ƙofar. Duk ranar da na bi ta wurin a babur sai ya ɗaga mini hannu.

"Hamisu, mutumin yana nan?"

"Yana nan a bakin ƙofa."

"Ba a yi ruwan ba?"

"Tukuna."

Sai ya jawo mini benci.